Gaisuwar da Ba a Yi wa Uwar Larai Ba

Wurno, bazarar 1950

Litinin, bayan la'asar

Jiya na dawo daga Goronyo. Ban buɗe rumfar ɗinki ba, kuma ba wanda ya damu, don tun da sanƙarau ya shigo ƙasar nan ba mai kawo riga ko wando. Fari kawai ake nema, na likkafani. In yanka alawayyo, in naɗe, in miƙa, ba ciniki ba dogon zance. Tunda hannu ya rasa allura, bari ya riƙe alƙalami, ko na samu inda zan sauke abin da ke kaina.

Na gode Allah da na samu ɗan nan nawa da sauran numfashi. Wasu ƙasa kawai suke tararwa. Ya gane ni, ko kuwa ni ne na ga kamar ya gane ni. Kansa na kan cinyar Inno, mahaifiyata, wadda yake hannunta tun yaye kamar yadda ake yi da ɗan fari. A can ya yi wayo, a can ya fara allo, bana yake shiga shekara sha biyu. An gama komai kafin rana ta yi zafi.

Uwar Larai ta tarbe ni da ruwa. Ta dubi fuskata, ta ce, "Sannu da hanya, Malam." Na ce, "An yi abin da Allah Ya so." Ta ce, "To." Ta koma ta ci gaba da hura wuta. Ranar da saƙo ya zo ma haka ta yi, ko gyale ba ta taɓa ba. Cewa ta yi, "Kai ka tahi. Ni mi za ni yi can?" Na gode Allah da Ya ba ni mace mai kara, 'yar gidan mutunci. Shekara goma sha biyu ban taɓa jin sunan yaron nan a bakinta ba, yau ma ba ta ba da mu ba.

Laraba, da hantsi

Dogari ya sake zagayawa da sanarwa: ba taro, ba zaman makoki, kowa ya kwana a tsakar gida inda iska ke ratsawa. Masu gaisuwa daga bakin zaure suke yi a tsaye, su wuce. Duk da haka sun zo, Allah Ya saka musu. Kowa sai ya ce, "Ya haƙurin Inno? Tsohuwa ta yi rashin miji." Haka ake tsokanar kaka da jikanta, yau wasan ya koma ta'aziyya. Mata ma ta kan katanga suke leƙowa: "Uwar Larai, in an samu mai zuwa Goronyo a gai da Inno, Allah shi ba ta haƙuri." Ita kuwa ta amsa da kyau, har ta aiko Larai da ruwa ga na zaure.

Garin nan ya zama wani iri. Kowa ka gani a hanya yana sunkuyar da kai yana ɗagawa, wai yana gwada ko wuya ya ƙage, mun koma kamar ƙadangaru a kan katanga. Maƙwabcina Mainasara mahauci shi ne sarkinmu. Ana cikin magana da shi sai ya kai haɓa ƙirji, ya ɗago, ya ce, "Lahiya lau," ba wanda ya tambaye shi. Na ce masa in ciwon bai kama shi ba, gwajin zai karya masa wuya. Ya yi dariya, ya sake gwadawa.

Alhamis, da almuru

Fari kuma yau. Ƙarami. Alhamdu lillahi a kowane hali.

Asabar, bayan azahar

Uwar Larai ta sa Larai gaba. Yarinya 'yar shekara biyar ba ta isa ta zauna ba sai an kama kanta an lanƙwasa. Tana wasa a kira ta, tana cin tuwo a ajiye mata kwano a gwada. Ɗazu na ji tana cewa wuyanta ya gaji. Na ce, "Haba, kowa na gwaji, amma naki ya fi na Mainasara." Da can in na ce ɗaya sai ta mayar mini da goma, matar da bakinta ya fi almakashina kaifi. Yau kallona kawai ta yi, ta sake jawo yarinyar.

Ba komai. Uwa ce. Na gode Allah da Larai ke nan tana ƙorafi.

Talata, bayan la'asar

Malaman asibiti sun iso daga Sakkwato da fararen ƙwayoyi, an kafa rumfunan zana a bayan gari ana kai masu ciwo. Matar Mainasara da aka ɗauka a kan ƙyaure, jiya ta dawo da ƙafarta. Kurma ta zama a kunne ɗaya, shi kuwa ya ce wannan kunnen dama ba ya jin maganarsa. Ya kawo mana tsoka mai kyau, ya ƙi tsayawa a yi masa godiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in duniya ta lafa zan ɗinka masa taguwa.

Abin da na lura, mutane sun daina tambayar juna da suna. Ba mai cewa ina wane, don tsoron amsa. Sai dai "ya mutanen gida," a ce "lahiya," kowa ya kama gabansa. Liman muryarsa ta dushe. Akwai wani dattijo a unguwar marina da ya toshe ƙofar ɗakinsa da laka, ta taga ake miƙa masa fura.

Naman nan uwar Larai ta dafa shi, ya yi daɗi, ba ta kai ko yanka ɗaya bakinta ba.

Alhamis, da hantsi

Tun asuba take daka. Geron ya zama gari, garin ya zama ƙura, ba ta ajiye taɓarya ba. Matan maƙwabta suna ta yabo ta kan katanga, wai ga mace mai haƙuri, ko hawaye ba ta zubar ba, ta riƙe aikinta. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. Sai da na je karɓar taɓaryar na ga tafin hannunta ya sale, jini ya ɓata itacen. Na ce, "Mi a wanga?" Ta dubi hannun kamar na wata ne.

Juma'a, bayan asuba

Ba ta yi barci ba. Ni ma ban yi ba. Na rubuta mata rubutu ta sha.

Lahadi, da yamma

Ban san yadda zan rubuta na yau ba. Bari in fara da godiya, tana gida, tana kwance, ba ta ji ciwo ba sai ƙafafu.

Rana tsaka, lokacin da ko akuya ba ta fita, Larai ta shigo rumfa ta ce ba ta ga uwarta ba. Matar da ba ta taɓa taka zaure ba sai da izini. Na duba maƙwabta, babu. Mainasara ya bar nama a kan faifai ya bi ni. Masu kwasar albasa a fadama ne suka ce sun ga wata mace ta wuce ba takalmi ba mayafi, ta miƙi hanyar Goronyo, sun yi mata magana ba ta waiwayo ba. Mun same ta a cikin yashin gulbi tana tafiya, yashin da in ka sa ƙwai zai dahu. Na sha gabanta. Na ce, "Ina za ki?" Ta ce, "An aiko. Ba ka ji an aiko ba?" Na ce wa ya aiko. Ta tsaya tana kallon hanyar Goronyo.

Wata tsohuwa cikin masu albasa ta cire mayafinta ta lulluɓe ta, ta ba mu jakinta, ko sunanta ban tambaya ba. Allah Ya san ta. Mainasara ya bi da mu ta bayan gari don kada a gani, amma Wurno ce, kafin mu iso labari ya riga mu.

Tsoro nake ji. Ban ji irinsa ba ko a Goronyo.

Litinin, bayan isha'i

Na aika wa Inno ta bakin masu jakai cewa ta sa mu a addu'a, uwar Larai ba ta jin daɗi. Ban faɗi fiye da haka ba, tsohuwa na da nata.

Laraba, bayan azahar

Bube, yayan uwar Larai, ya zo daga Rabah. Mutumin kirki ne, yana son ƙanwarsa, amma in ya riƙe magana kamar kaska. Ya shiga ya gan ta zaune tana kallon bango, ya fito ya ce, "Malam, wagga iska ta. Shekarar ga mutuwa ta yi yawa, sun fito suna yawo. Akwai malami wajenmu, shina aikin irin wanga. A sa mata mari kwana kaɗan kar ta sake hita, a yi mata turare, ta dawo daidai."

Na ce, "Mari, Bube? Ƙarfe ga ƙahwar Husainatu?"

Ya ce, "In ta hwaɗa rijiya hwa? Kai ka riƙe ta ko aikinka za ka yi? Ba ita ɗai ba, akwai mata da yawa can, dut bana anka kai su."

Gaskiya ce, ba zan iya tsare ta dare da rana ba, ga Larai. Na roƙe shi ya ba ni zuwa Asabar. Ya ce zai zauna ya jira, ya ɗaure jakinsa a ƙofar gida. Duk sanda na fita na ga jakin nan sai gabana ya faɗi.

Na sani don ƙauna yake yi. Na gode masa a baki, zuciya ta ƙi.

Alhamis, da almuru

Yau ko wuyan Larai uwarta ba ta gwada ba. Da na roƙi Allah ta daina, yanzu ina roƙon ta sake.

Juma'a, bayan la'asar

Inno ta zo. Tsohuwar da ke azumin tsofaffi, a wannan zafi, a kan jaki tun daga Goronyo. Na miƙa hannu in sauke ta, ta ce, "Kai, kauce." Ni ma ɗan farinta ne, da "kai" da "wanga" na girma, ban san wani kira ba. Ta ƙi ruwa, ta ƙi tabarma, ta tsaya a zaure ta sa muka ba ta labari, ni da Bube. Bube ya kawo zancen iska da mari. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, "Bube, da kaz zo, ka yi mata gaisuwa?"

Ya ce, "Gaisuwar mi, Inno?"

"Ta ɗanta da yar rasu."

Bube ya dube ni. Ya ce, "Ai ke aka yi ma, Inno, ke kinka rene shi. Ita ɗan hwari na, ko an yi mata ba ta amsawa, kunya za a ba ta."

Ta juyo kaina. "Kai hwa?"

Na sunkuyar da kai, ba don gwajin wuya ba.

Ta ce, "Goronyo dut an zo mani, har bakina ya gaji da amsawa. Na aza nan ma ana yi mata. Ashe kun bar ta tana aiko ma masu gaisuwa da ruwa. Kunya ta hana ta kiran sunanai, ba ta ɗauke mata naƙuda ba. Ku maza, in mace ta yi shiru sai ku ce ta gama."

Ta shige cikin gida muna biye. A bakin ɗakin surukarta ta tuɓe takalmi, ta yi sallama kamar baƙuwa. Ba a amsa ba. Ta shiga, ta durƙusa, Inno da gwiwoyin nan nata, gaban yarinyar da ke rusuna mata tun ranar da aka kawo ta. Daga bakin ƙofa muna ji.

"Husainatu, na zo yi maki gaisuwa. Ya haƙuri? Allah shi jiƙan ɗanki Lawwali. Allah shi sa mai ceto na. Ke kinka haihe shi, ni aro anka ba ni."

Har na fara cewa a raina wannan ma bai yi ba. Sai na ji wani sauti kamar an tsaga sabon alawayyo. Ban taɓa jin muryar nan daga gare ta ba. Tana kuka tana faɗin sunan, tana maimaitawa, kamar mai biyan bashin kira. Bube ya yunƙura zai shiga, wai a hana ta, za a ji a waje. Inno ta ce, "A ji. Hawaye ba haram na ba. Koma zaure."

Muka koma zaure. Na yi kuka, na rubuta da hannuna, na yi kuka a gaban surukina, shi ma bai tsira ba. Tun Goronyo ban yi ba, ina ta yanka wa mutane fari ina cewa alhamdu lillahi.

Lawwali. Muhammadu Lawwali. Ga shi na rubuta, takarda ba ta ƙone ba.

Kafin magariba Inno ta aiko Larai ta kira ni. Ta ce, "Kai ma zo ka yi taka." Na durƙusa gaban matata, na ce, "Ya haƙuri?" Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Da godiya, Malam. Kai ma ya haƙuri?"

Asabar, da hantsi

Ta yi barci. Har rana ta fito tana barci, Inno na zaune a bakin ƙofa da mafici, ko kaza ba ta bari ta gitta ba.

Lahadi, bayan la'asar

Inno ta aika gida gida. Tunda an hana taro, ɗaya bayan ɗaya matan ke shigowa, kowace ta durƙusa ta yi gaisuwa ta fita. Wasu da kunya suka shigo, suna rarraba ido, don ba su taɓa ganin an yi wa uwa ta'aziyyar ɗan fari baki da baki ba. Wata ta shigo yin gaisuwa, ta ƙare ita ake rarrashi, ashe nata ya tafi tun farkon ciwon nan, ita ma surukarta aka yi wa. Sun daɗe a ɗaki su biyu.

Bube ya kwance jakinsa. Kafin ya tafi ya shiga ya yi tasa gaisuwar, ya fito yana jan hanci. A zaure ya tsaya yana wasa da igiya, ya ce, "Malam, matan ga da anka kai wajenmu, ko wa ya san..." Bai ƙarasa ba. Na ce ya gai da gida. Wannan karon godiyar da na yi masa har zuci.

Laraba, da almuru

Ba a warke ba tukuna, kada in yi wa kaina ƙarya. Jiya ta yini ba ta ce uffan ba. Yau ta sha fura rabin ƙwarya. Ta gwada wuyan Larai, amma da yarinyar ta yi tsaki sai ta sake ta.

Ina gyaran keken ɗinki a tsakar gida na ji ta tana magana da Inno a ɗaki. Ba saurare na je yi ba, zana ce ba ta riƙe magana. Ta ce duk zuwan da muke yi Goronyo, in yaron ya shigo takan juya baya kamar yadda ya kamata, amma da safe sai ta laɓe bayan danga tana jin karatunsa. Ta san inda ya tsaya, ta san inda yake tuntuɓe. Ni ubansa ban sani ba. Sannan ta yi tambayar da na san ita ke cin ta. "Inno, ya san ni kuwa? Ranar da anka aiko ban tahi ba."

Inno ta ce, "In kin aiko da ƙuli-ƙuli ba ki ce na wane na ba, shi ka ɗauka shi ce, wanga na Wurno na, nawa na. Ko ni ba ya ba. Ya san ki sarai, shi ma karar yaka yi maki."

Na ɗauki kekena na koma rumfa, wannan ba nawa ba ne.

Juma'a, bayan azahar

Yau ba wanda ya zo neman fari. Wani ya kawo wando a rage masa tsawo, na kusa rungume shi.

Litinin, da hantsi

Jiya hadari ya haɗu ta gabas, an yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi. Tsofaffi sun ce ciwon nan ba ya jure ruwa. An fara kwance rumfunan bayan gari. Mainasara ya yi magana da ni mai tsawo bai sunkuya ba ko sau ɗaya, da na gaya masa sai ya tuna ya yi.

Inno ta ce za ta koma, shuka ba ta jiran kowa. Mun roƙe ta, ta ce ita ba kayan ado ba ce da za a ajiye. Da sassafe aka kawo jaki ƙofar gida. Uwar Larai ta yafa mayafi ta rako ta har zaure da ƙafarta, ta ɗaura mata ƙullin dawo a gefen kaya, ta roƙe ta in an samu mai zuwa a aiko mata da allonsa. Inno ta ce za a aiko. Wannan karon ta yarda na ɗora ta. Ta gyara zama, ta karɓi igiya, ta dubi hanya, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Shittu."

Na waiwaya baya, wallahi, ina neman wani mai sunan. Shekarata arba'in da wani abu, ban taɓa jin sa a wannan murya ba. Na tsaya baki buɗe, hannuna a kan wuyan jaki.

Sai na ji dariya daga cikin zaure, ƙarama, a dushe, amma tata ce. Uwar Larai ta ce, "Malam, kai aka kira. Ka amsa mana, ko sai an aika Rabah a ɗauko ma mari?"

Na ce, "Na'am, Inno."

Ta ce, "Ka kula da ita." Ta buga wa jaki dunduniya.